Kakansa kuturu ne, shi ma ya taɓa shan magani: in faɗa a gida ko in ja bakina?

Saƙon da ya shigo:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 23, akwai wanda muke tare kusan shekara biyu, malamin sakandare ne, har manyansa sun zo gaisuwa. Da aka shiga bincike sai Goggo, yayar Babanmu, ta dawo da labarin wai kakansa na wajen uba kuturu ne har yatsu babu, ta ce ba da ita ba haɗa iri da gidan kutare, abin a jini yake, in bai fito a 'ya'ya ba zai fito a jikoki. Baba dai ya yi shiru har yanzu. Abin da ba su sani ba, shi da bakinsa ya faɗa min tun farkon haɗuwarmu cewa shekara 4 da suka wuce wasu tabbai suka fito masa a baya da hannu, asibiti suka ce ita ce, ya sha magani wata 12 aka sallame shi. Yanzu ba abin da za ki gani a jikinsa sai ƙaramin yatsansa na hagu da ba ya ji sosai. Ina sonsa Anti amma tsoro nake ji, kar ni in ɗauka, kar in haifi yara su gada. Kuma in faɗa a gida ne ko in yi shiru tunda ba mai ganewa?"

Wa alaikumussalam 'yata. Na karanta saƙonki sau uku, kuma kafin komai bari in ce miki wannan yaron ɗan halak ne. Namijin da zai zauna a zauren gidanku tun ba a je ko'ina ba ya buɗe baki ya ce miki na taɓa yin kuturta, alhali ya san ba abin da za ki gani a jikinsa, a wannan zamanin da wani mata biyu da 'ya'ya biyar ma yake ɓoyewa sai bayan an ɗaura, toh ki riƙe wannan a gefe guda, zamu dawo kansa.

Tsoronki biyu ne, kuma duk biyun suna da amsa a fili ba kwana-kwana. Ba za ki ɗauka daga jikinsa ba, kuma 'ya'yanki ba za su fito da ita daga ciki ba. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, 'yar uwar wadda ke kawo tarin fuka, tana fita ne ta hanci da baki daga jikin wanda yake da ita kuma BAI fara magani ba, sannan ba wai zama ɗaya ba, sai an daɗe ana cuɗanya wata da watanni, ɗaki ɗaya, numfashi ɗaya. Gaisawa ba ta sa ta, cin tuwo a kwano ɗaya ba ya sa ta, zama kujera ɗaya a mota ba ya sa ta. Kuma ko a haka ɗin ma wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu da kansa yake kashe ƙwayar ba su ma san an yi ba. Da mutum ya fara magani ya daina yaɗa ta, bare wanda ya cinye wata 12 cur aka rufe masa kati. Wannan ba "mai kuturta" ba ne kuma, mutum ne da ya taɓa rashin lafiya ya warke, kamar yadda ke ma kin taɓa yin ƙyanda ba wanda yake kiranki mai ƙyanda yau.

Amma kar ki ga laifin Goggo da yawa. Wallahi ni ma a cikin irin wannan maganar na tashi. Muna yara akwai wani dattijo da yake zuwa ƙofar gidanmu duk safiya, hannayensa dungulmi ne duka biyun, yana da kwanonsa na musamman, wani tsohon kwanon sha da fentinsa ya ɓaɓɓare, a rataye a ƙusa cikin zaure ba mai taɓawa. In za a ba shi koko kakata daga sama take tsiyayawa, ta ɗaga ludayin can don kar ya goga bakin kwanon, kokon ya rinƙa fallatsa masa a riga shi kuma yana ta sa albarka. Mace ce mai tausayi fa, ba ta taɓa fashin ba shi ba ko ran da mu ba mu ƙoshi ba, amma ran da ƙanina ya zauna a kan tabarmarsa sai da ta yi masa wanka da sabulun salo har sau biyu tana salati. A wajenta tsaka ce ke sa kuturta in ta faɗa cikin abinci, ko a haɗa kifi da nono, ko mutum ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, ko kuma gado. Duk huɗun ba ɗaya da yake gaskiya, amma da su aka raine mu.

Akwai abin da na gani a jikin dattijon nan da ban fahimce shi ba sai da na girma. Wata safiya da hunturu an hura wuta a ƙofar gida ana jin ɗumi, yana zaune yana ba mu labari yana dariya, sai muka fara jin ƙauri, ashe diddigensa ne a kan garwashi, fata har ta fara tashi shi bai sani ba. Mu muka yi ihu, shi kallon ƙafar kawai ya yi kamar ta wani. Kin ga sirrin cutar nan kenan gaba ɗaya. Mutane sun ɗauka cinye yatsu take yi suna guntulewa suna faɗuwa, a'a, jijiyoyin ji take kashewa, sai mutum ya ƙone bai ji ba, ya taka ƙaya bai ji ba, ya yi ta noma fartanya na cin tafinsa bai ji ba, ciwo ya ruɓe, ƙashi ya lalace, yatsa ya yi ta gajarcewa shekara da shekaru. Kakan saurayinki abin da ya same shi kenan, ta kama shi a zamanin da ko dai babu magani ko kuma ba a kai gare shi da wuri ba. Jikan nasa ya je asibiti tana tabo. Cuta ɗaya ce, zamani ne ya bambanta.

Wannan gardamar ta gado ma ba Goggo ce ta fara ta ba, Turawa sun yi ta kafin ita, kuma abin dariya tsakanin suruki da suruki aka yi. A ƙasar Norwe, garin Bergen, lokacin kuturta ta yi musu katutu, akwai wani babban likita Danielssen da ya kafe kai da fata cewa gadonta ake yi, har allurar abin da ya ɗebo daga jikin masu cutar ya yi wa kansa bai kamu ba, ya ce kun gani ko, ba ɗauka ake ba. Sai ga wani matashin likita da ke aiki a ƙarƙashinsa, wanda kuma ya auri 'yarsa, sunansa Hansen, a 1873 ya leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ya hango ƙwayar da idonsa. Shi ya sa har yau likitoci da sunansa suke kiran cutar. Danielssen ba ƙarya ya yi ba da ya ce yana ganinta gida-gida, Goggo ma ba ƙarya ta yi ba, fassarar ce ba daidai ba: 'yan gida ɗaya iska ɗaya suke shaƙa, kuma cutar nan ba ta da gaggawa, tana iya kwanciya a jiki shekara 5, wani har 20, kafin ta nuna kanta, toh in ta fito wa jika bayan kaka ya daɗe da rasuwa me mutum zai ce in ba jini ba? Don in yi miki adalci, likitoci sun ce akwai mutanen da garkuwar jikinsu ba ta iya faɗa da ƙwayar kamar ta sauran, kuma wannan yanayin yakan bi dangi. Amma rauni a garkuwa ba cuta ba ne, sai ƙwayar ta samu hanyar shigowa, kuma a ɗakinki ba ta da inda za ta fito tunda an kashe ta a jikin maigidan. Allurar BCG ɗin nan da ake yi wa jarirai a dantse ma tana ba da wata kariya daga ita, ba tarin fuka kaɗai ba.

Mu nan ma muna da namu tarihin da ita, mai tsawo. Ba banza ba a garuruwanmu har sarautar Sarkin Kutare ake naɗawa, kuma duba yadda ta cika mana baki: haka muka fara, kuturu ya ga mai kyasbi. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. A shekarun 1930 aka kakkafa sansanonin jinya a bayan gari, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, 'yan mishan ne ke riƙe da su a lokacin, ga Garkida can Adamawa da ta riga su, daga baya ga Danja kusa da Maraɗi. Sunan Yadakunya kaɗai in kin tsaya kin saurare shi ya ishe ki sanin da wace irin zuciya mutum yake tattara kayansa ya tafi can. Maganin lokacin wani mai ne da ake samowa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasashen Indiya, allurarsa azaba, amfaninsa kaɗan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Najeriya aka yi wani babban ɓangare na aikin da ya kawo maganin yau, a Uzuakoli da ke jihar Abiya yanzu, can aka tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson ta haɗiya tana aiki kuma jiki na ɗauka, can kuma aka fara gwada kulofazimin farkon shekarun 1960. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa su da wani maganin, rifamfisin, a rinƙa bayarwa tare, yanzu ana shan su wata 6 ga wadda ba ta yi yawa ba, wata 12 ga mai yawa, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi duk duniya. Shi ne abin da saurayinki ya sha. Ki tambaye shi ma zai faɗa miki, ran da ya sha na wata-wata fitsarinsa ja yake zama, fatarsa kuma ta yi duhu ta bushe lokacin, daga baya ta washe. Har yau fa ba ta ƙare ba, ana samun sababbin kamu wajen 200,000 duk shekara a duniya, mafi yawa a Indiya da Burazil da Indonesiya, mu ma muna cikin ƙasashen da ake samu. Kuma abin da ke sa ta nakasa mutane yanzu ba rashin magani ba ne, irin maganar Goggo ce, mutum ya ga tabo ya rufe da riga shekara uku don kar a ce gidansu gidan kutare ne.

Na san za a jawo miki hadisi, gara ki ji shi daga bakina. Eh ya inganta cewa Annabi (SAW) ya ce a guje wa mai kuturta kamar yadda ake guje wa zaki, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya kuturta na cikin aibobin da in aka ɓoye su ake da zaɓin warware aure. Ni ba malama ba ce, ku kai wa malamin da Baba yake jin maganarsa. Abin da zan ce kawai, ku kai masa tambayar daidai: ba wai "mai kuturta ya zo neman aure" ba, "wanda ya yi ta, ya sha magani, likita ya tabbatar ya warke". Tambaya biyu ce daban, kuma amsar da za ku samu ta danganta da wadda kuka yi.

Yanzu babbar maganar, a faɗa ko a yi shiru. 'Yata a faɗa. Na san ba haka kika so ji ba, na san kina lissafin cewa Goggo kan kaka kawai ta tada wannan ƙurar ina ga ta ji na jikan. Amma ki duba, mutumin da ya yi wata 12 yana zuwa karɓar magani, akwai ma'aikacin da ya san shi, akwai maƙwabcin da ya gan shi a layi, akwai matar wan babansa da ba sa shiri da uwarsa. Goggon da ta tono kaka wanda ƙila ya fi shekara 20 a ƙasa, kina ganin wannan zai gagare ta? In ta ji bayan biki, ko ranar suna ana tsakiyar taro, ba maganar cuta za a yi ba kuma, maganar ha'inci za a yi, a ce sun rufe mu, ke kuma a ce da ke aka haɗa baki aka ci amanar ubanki. Yaron da babban jarinsa gaskiya ce sai ki mayar da shi maƙaryaci da hannunki. Yanzu kuwa in Baba ya ji daga bakinsu, ko bai ji daɗi ba zai san da irin mutanen da yake magana.

Sai dai ba ke za ki faɗa ba, kuma kar ki kuskura ki faɗa wa kowa, har Umma, sai kin koma kin same shi. Sirrinsa ne, amana ya ba ki. Ki ce masa ga abin da Goggo ta zo da shi, ga abin da nake gani, ina so Baba ya ji daga wajenku kafin ya ji a titi. Shi ya nemi babba a danginsa, wanda ya iya zama da manya, su zo su samu Baba shi kaɗai ba a gaban mata ba, da katinsa na asibiti a hannu. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke kula da tarin fuka da kuturta, ya koma inda ya karɓi magani a sake duba shi a rubuta masa, in da hali ma Baba ya wakilta wani ƙaninsa ko yayanki su je tare su yi wa likitan duk tambayar da ke ransu. Dattawanmu abin da 'yarsu ta faɗa ba ya shiga, amma in mai farar riga ya faɗa musu ido da ido yakan zauna. Kuma a duba 'yan gidansu da ya zauna da su kafin ya fara magani in ba a riga an yi ba, gwajin ba wani abu ba ne, auduga ake murzawa a ce ka rufe ido a taɓa tabon a ce nuna inda ka ji, yanzu har rifamfisin sha ɗaya ake ba na kusa da mai cutar don rigakafi.

Goggo kuwa kar ki yi gaba da ita, kar ki tura mata bidiyo a WhatsApp, kar ki ce mata jahilci ne, in kika ce haka kin kashe maganar da kanki don daga nan ba kuturta take karewa ba, girmanta take karewa. Ki bar Baba da ita, ƙaninta ne ya san ta inda ake shigarta. In ma Baban ya ce a'a a karon farko kar ki ɗaga hankalinki ki fara yajin cin abinci, shirun da ya yi har yanzu alama ce yana auna abin, a ba shi lokaci a sa wanda yake jin kunya ya koma masa.

Wani abu da ya ba ni haushi a saƙonki, duk wannan binciken har kabarin kaka, ban ji inda kika ce an tambayi jinotayif ɗinku ba. Ga cutar da ake gada da gaske nan, sikila, in ke AS ce shi ma AS kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS, wannan ita ce "a jini take" ta haƙiƙa, kuma ita ba wata 12 ba ce, rayuwa ce gaba ɗaya. A Kano ma tun 2024 doka ce sai an yi gwajin kafin aure, da na ƙanjamau da ciwon hanta. Ku je ku yi tun kafin a sa rana, in wannan ya fito ba daidai ba ni ce ta farko da zan ce ku haƙura.

Sannan yatsan nan da ba ya ji. Kar in yaudare ki, jijiyar da ta riga ta mutu ba lallai ta dawo ba, ƙila haka zai zauna da shi, wannan tabon yaƙi ne ba alamar cutar na nan ba. Abin da yake buƙata kula ce: kar ya ɗauki kofin shayi mai zafi da hagu, kar ya sauke miki tukunya wai yana taya ki aiki, ya rinƙa duba hannun kullum da dare ko ya yanke bai sani ba, a jiƙa a shafa mai kar ya tsage. Kuma wani lokaci ko bayan an gama magani jiki yakan yi wani bore, tsofaffin tabban su kumbura su yi ja, ko jijiya ta kama ciwo a gwiwar hannu, ko ya ji hannu na rage ƙarfi, in kin ga haka ba cutar ce ta dawo ba yawanci, amma asibiti za a tafi a satin ba wajen mai magani a gwada sassaƙe ba, don a nan ne ake ceton jijiya ko a rasa ta. Dawowarta ɗungurungum bayan cikakken magani abu ne da ba kasafai ake gani ba, in ma ya faru maganin dai shi ne.

Saura tambaya ɗaya, kuma wannan ba Goggo ba Baba, ke ce. Kin ce kina sonsa amma kina tsoro, toh tsoro na gane shi kuma na ba ki amsarsa. Ƙyama ce ban sani ba ko akwai. Ki zauna ke kaɗai ki tambayi ranki, in ya sha ruwa ya miƙo miki kofin za ki kai baki ba tare da kin juya gefen da bai taɓa ba? Ran da kuka yi faɗa, don za ku yi, bakinki zai iya riƙe kalmar nan ba ta fito ba? Don na san wata da ta gorantawa mijinta da ita sau ɗaya tak a cikin fushi, shekara da shekaru suna tare amma bai ƙara cin abinci a gabanta ba. In kin ji akwai wannan a ranki kuma ba ya fita, ki rabu da shi cikin mutunci tun yanzu, ki bar maganar a kan Goggo ta ƙi, sirrinsa kuma ki tafi da shi kabari. In kuma kin duba kin ga babu, toh ki kira shi yau ba gobe ba, ku tsara wanda zai zo wajen Baba kafin Goggo ta koma zagaye na biyu. Ki rubuto min yadda aka yi, da sakamakon jinotayif ɗin.